Jar Riga a Cikin Kainuwa

Ranar wata Juma'a ce a ƙarshen Oktoba, lokacin da zafi ke narkar da kwalta a titunan Chegutu, hadari kuma ya yi ta haɗuwa yana watsewa ba ko ɗigo. Ƙarfe uku na rufe garejina, na ɗaura ɗan jirginmu a bayan mota, na biya ta gidan Tapera.

Tapera sahwirana ne, abokin wasan da kakanninmu suka ƙulla mana tun ba a haife mu ba. Yana da ikon zagina a gaban matata, ina da ikon ɗauke naman da ke kwanonsa, kuma duk wanda ya riga mutuwa, ɗayan ne zai sa shi a rami. Mahauci ne, ƙato, mai dariyar da ake jiyowa daga ƙarshen kasuwa. Amma wata takwas ke nan ba wanda ya ji dariyar nan, tun ranar da muka binne matarsa, Maman Shuvai. Ni na riƙe kan akwatin. Da idona na ga yadda matan coci suka shirya ta cikin kayan zumuntarsu, jar riga mai farar kwala da farar hula, kafin a rufe murfin.

'Yarsu Shuvai ce ta roƙe ni in fitar da shi, ko na yammaci ɗaya ne.

Na same shi zaune a ƙofar gida yana kallon katanga.

"Tashi, ƙaton banza," na ce. "Kifayen Mukuyu na can suna cigiyar mutumin da ya saba ciyar da su kyauta."

"Rabu da ni, Garikai."

"Ba inda za ni. Shuvai ta ce kujerar nan ta fara ɗaukar siffar mazaunanka. In ka ƙara wata guda, tare da ita za mu binne ka."

Bai yi dariya ba. Amma ya shiga ciki, ya fito da sandar fatsarsa, ƙura duk ta rufe ta.

Dam ɗin Mukuyu na cikin wata tsohuwar gonar taba, tafiyar minti arba'in a hanyar burji. Sekuru Zhou, dattijon da ke gadin wurin, ya buɗe mana ƙofa yana kare ido daga rana.

"Ruwa ya ja baya bana," ya ce. "Ciyawa ta cinye ɓangaren gabas. Ku fito da sauran haske, 'ya'yana, ni ba na jiran kowa."

Ciyawar ce ma ta kawo mu. Bas muka zo kamawa, wani kifi mai faɗin baki da son inuwa. Ba ya yawon neman abinci, laɓewa yake a ƙarƙashin kainuwa da ganyen bado ya jira abin da zai gifta. Duk abin da ka jefa masa mai ƙugiya a waje, ciyawa za ta riƙe. Shi ya sa muke aiki da tanar roba. Laushi gare ta kamar ta gaske, tsawon tafin hannu, tana warin gishiri da tafarnuwa. Ka cusa ƙugiya ta kanta, ka fito da ita, ka juya, ka sake binne tsinin a cikin jikin robar. Haka za ta ratsa ciyawa sumul, ba abin da zai kama ta.

Sauran aikin haƙuri ne. Ka jefa cikin wani ɗan fili tsakanin ganyaye, ka bari ta nutse. Ka girgiza kan sanda sau biyu. Ka tsaya. Ka ƙidaya biyar a zuci. Ka sake girgizawa sau biyu. Ka tsaya. A tsayawar nan ne yake ɗauka. Za ka ji ɗan ƙwanƙwasa a hannunka, ka ga zare ya fara tafiya gefe shi kaɗai. Sai ka fizga.

Ni na fara kamawa, wani ɗan mitsitsi.

"Wannan kifi ne ko yatsan jariri?" in ji Tapera. "Mayar wa uwarsa shi tun ba ta kai ka ƙara ba."

Na ji daɗin zagin nan har cikin raina.

Can wajen ƙarfe biyar sandarsa ta lanƙwashe. Kifin ya yi tsalle ya watsa mana ruwa, ya koma cikin ciyawa, Tapera ya miƙe tsaye yana ja yana zagin kakannin kifin ɗaya bayan ɗaya. Da muka ɗago shi, ya kai kilo uku. Tapera ya riƙe shi ta leɓe, ya kalle shi, ya kalle ni, sai dariyar ta ɓalle. Tsohuwar dariyar, wadda ke girgiza jirgi. Har agwagin ruwa suka tashi.

"Ka ga kifin maza, bakanike? Wannan da tuwon sadza mai zafi, yau Shuvai za ta san ubanta na raye."

A nan ya kamata mu juya. Rana ta kusa taɓa tudu. Amma na ji dariyar nan, na yi kwaɗayin in ƙara ji.

"Mu ɗan leƙa gabas," na ce. "Jifa goma-goma, mu tafi."

Laifina ne. Ban taɓa ɗora wa kowa ba.

Na kashe inji, na ɗaga shi sama don kada ciyawa ta naɗe farfela. Muka shiga da filafili ta wata siririyar hanya tsakanin kainuwa. Ganyen na goga jikin jirgi, suuu, suuu. Gaba kaɗan akwai matattun itatuwa da ruwa ya ci tun zamanin da aka yi dam ɗin, sun yi fari fat, ba ganye ba ɓawo. Iska ta tsaya. Wurin na warin ruɓaɓɓen ganye da laka mai ɗumi. Kwaɗi sun cika ko'ina da kuka.

Na waiga sau ɗaya. Hanyar da muka biyo ta rufe. Kainuwa takan yi haka, na ce a raina, yawo take a kan ruwa.

Na jefa tanata kusa da gindin wani itace. Ta nutse. Na girgiza sau biyu, na tsaya. Sai na ji ƙwanƙwasa. Zare ya fara tafiya gefe. Na fizga da ƙarfi, har na kusa faɗuwa ta baya.

Ba nauyi. Ba komai.

Na naɗo zaren. Babu tana, babu ƙugiya. Na duba bakin zaren da kyau. Ba tsinkewa ya yi ba, ba kuma haƙori ne ya yanke shi ba. Kwance ƙullin aka yi. Shekara ashirin ina wannan ƙulli, bai taɓa zamewa ba.

"Tsufa ya zo," in ji Tapera. "Yatsun sun fara rawa."

Na ɗaura wata, na ja ƙullin da haƙori, na sake jefawa wuri guda. Wannan karon ban girgiza ba. Na bar ta kwance a ƙasa.

Sai kan sandata ya motsa da kansa.

Sau biyu. Ya tsaya.

Ban san lokacin da na fara ƙidaya ba. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar.

Sau biyu. Ya tsaya.

Kifi ba ya haka. Kifi ya ɗauka ya gudu, ko ya tofar. Wannan wani abu ne ya riƙe ɗaya bakin zaren a can ƙasa, yana mayar mini da abin da na yini ina yi, a hankali, kamar mai gwada sabon aiki.

Na zaro wuƙa na yanke zaren.

"Lafiya?" in ji Tapera.

"Ciyawa ce. Naɗe naka mu tafi."

A lokacin ne na lura kwaɗin sun yi shiru. Ba a hankali ba. Gaba ɗaya, kamar an rufe musu ƙofa. Ko sauro ba na ji. Abin da nake ji kawai ɗigar ruwa daga bakin filafili. Ɗis. Ɗis.

Sai wari ya sauya. Warin laka ya tafi, wani ƙamshi ya maye gurbinsa, mai sanyi, mai shiga hanci. Man shafawa mai kafur. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin Tapera ya san ƙamshin nan.

Na kalle shi. Hancinsa na buɗewa yana rufewa.

"Garikai," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ka ji?"

"Ban ji komai ba. Ɗauki filafili."

Bai ɗauka ba. Idonsa na bayana. Na juya.

Tsakanin matattun itatuwan, kamar taku talatin daga inda muke, akwai wani abu ja a cikin kainuwa. Ɗazu babu shi. Mace ce, ruwa ya kai mata ƙirji, ta ba mu baya. Jar riga. Farar kwala. Farar hula, a bushe, ba ko tabon laka.

Wurin nan na san zurfinsa. Ya fi tsayin mutum uku.

"Baban Shuvai."

Muryar ba ta da ƙarfi. Irin wadda mace ke yi daga kicin in abinci ya sauka. Amma ba daga wajen matar ta fito ba. Daga ƙarƙashin ganyen ta taso, ta ko'ina, har ta cikin ƙarfen jirgin na ji ta a tafin ƙafata.

"Baban Shuvai. Sanyi nake ji."

Tapera ya ajiye sandarsa a hankali, kamar kada ya tashi mai barci.

"Sahwira," na raɗa masa. "Dube ni. Ni na riƙe kan akwatin. Kai ka fara zuba ƙasa. Tana can bayan coci."

"Sanyi take ji," ya ce.

"Ba ita ba ce."

"Kullum tana jin sanyi, ko da zafi. Ka sani."

Matar ta motsa. Kafaɗunta suka girgiza, kamar mai shessheƙar kuka.

Sau biyu. Ta tsaya.

Na ƙidaya. Ban so ba, amma na ƙidaya.

A kan biyar, kafaɗun suka sake girgiza. Sau biyu.

Kuma ta matso. Ba ta yi iyo ba, ba ta ɗaga hannu ba. Zamowa ta yi ta cikin kainuwa, sumul, ko ganye ɗaya bai maƙale mata ba.

Na san wannan tafiyar. Da hannuna na yi ta sau dubu.

"Tapera, fatsa ce," na ce. "Mu ake fatsa."

Ban gama rufe baki ba jirgin ya karkata. Tapera ya riga ya zura ƙafa ɗaya a ruwa.

Na yi tsalle na cafki bel ɗinsa ta baya. Mutum ne mai nauyin buhu biyu. Ya tafi da ni har haƙarƙarina ya bugi bakin jirgi. Ruwa ya kai masa wuya. Ɗumi ne da ruwan a sama, amma inda hannuna ya nutse, sanyi ne kamar na firji.

"Sake ni!"

"Ba zan sake ba!"

Ya kai mini gwiwar hannu a baki. Na ji gishirin jini. Ban sake ba.

Sai ya daina kokawa. Jikinsa ya miƙe. Ya juyo da fuska, idonsa ya yi waje.

"Garikai," ya ce, da wata ƙaramar murya da ban san shi da ita ba. "An riƙe ƙafata."

Aka ja.

Ba fizga ba ce. Ja ne mai nauyi, na wanda ba ya sauri. Bel ɗin ya fara yanka mini yatsu. Bakin jirgi ya sunkuya har ruwa ya fara shigowa. Kifin da muka kama ya yi ta bugun ƙasan jirgi, fat, fat, fat.

Na ɗaga kai.

Tana nan, taku uku daga gare mu. Ta juyo.

Babu fuska a ƙarƙashin hular. Wani abu ne fari, mai santsi, mai laushi, ba ido ba baki, kamar cikin kifi. Hannayen rigar na lilo, ba komai a ciki. Daga ƙugu zuwa ƙasa kuwa ba ƙafafu. Wata baƙar jijiya ce, kaurin cinyar mutum, ta nutse cikin ruwa, ta lanƙwaso ta ƙarƙashin ciyawa.

Ta nufo ƙarƙashin jirginmu.

Kainuwar da ke kewaye da mu ta fara tasowa. Duka. Kamar bargo in mai barci ya juya. Tsawon abin ya wuce inda idona ya kai.

Bel ɗin ya tsinke.

"Tapera!" Na yi ihun da ban taɓa yi ba. "Sahwira! Miƙo hannunka!"

Ruwa ya rufe bakinsa. Ya rufe hancinsa. Hannu ɗaya ya rage a sama, yatsu a buɗe.

Na kama shi. Da ɗaya hannun na lalubo igiyar da muke ɗaure jirgi, na naɗa a wuyan hannunsa sau uku, na zarge ta a ƙarfen kujera. Na sake shi. Igiyar ta miƙe tana kuka.

Na rarrafa baya. Na saukar da inji cikin ruwa. Na ja igiyar tayar da injin.

Tari ya yi, ya mutu.

Na sake ja.

Ya mutu.

Ƙamshin kafur ya cika mini maƙogwaro. Wani abu ya gogi ƙasan jirgin daga gaba zuwa baya, a hankali, ya daɗe yana wucewa.

"Yesu," na ce. Na ja na uku.

Ya tashi. Na murɗa shi har ƙarshe. Farfela ta shiga sarar ciyawa, jirgin na rawa wuri ɗaya, hayaƙi ya turnuƙe. Igiyar da ke riƙe da Tapera ta fara warwarewa zare-zare a gaban idona.

Sai wani abu ya saki.

Jirgin ya yi gaba kamar an harba shi. Kan Tapera ya ɓullo a gefe, ciyawa cike da bakinsa. Ban tsaya ba. Haka na ja shi a ruwa har muka fita fili, sannan na kama kwalarsa na mirgino shi ciki. Yadda na iya ɗaga shi, har yau ban sani ba.

Ban waiga ba. Amma na ji. Bayanmu, kwaɗi suka ci gaba da kuka, gaba ɗaya, kamar ba abin da ya faru.

A bakin gaɓa Sekuru Zhou ya haska mu da tocila, ko da yake da sauran ɗan haske. Takalman Tapera sun tafi, da safa. Daga gwiwa zuwa ƙasa fatarsa ta yi fari ta yamutse, kamar ƙafar da ta kwana uku a ruwa. Dattijon ya duba, ya kashe tocilar.

A mota, da muka hau kwalta, Tapera ya dube ni.

"Da ka bar ni," ya ce.

Sati uku bai ɗaga wayata ba. Likita ya ce kafaɗarsa ta goce, ƙafafun kuma bai san abin da zai kira su ba. Sun warke, amma gashi bai sake fitowa a wurin ba. Shuvai kuwa, na ce mata jirgi ne ya kife da mu. Na sayar da jirgin ga wani mutumin Kadoma, na haɗa masa da sandunan da jakar tanar roba duka.

Wata ranar Talata ina kwance ƙarƙashin wata mota, na ga ƙafafun mutum sun tsaya a ƙofar gareji. Na fito. Sekuru Zhou ne, ya sha doguwar tafiya, ƙura har gira. Da ya gan ni sai ya ja da baya, ya dafa bango.

"Kai ne?" ya ce. "Da ranka?"

"Ni ne, Sekuru. Me ya faru?"

Ya taɓa hannuna, ya matsa, kamar mai duba tumatir. Sannan ya zauna a kan wata tsohuwar taya.

"Na zo ne in yi wa iyalinka gaisuwa, ɗana. Na ɗauka ka koma kai kaɗai ka nutse. Kwana shida ke nan, kullum in rana ta taɓa tudu, akwai mutum a cikin ciyawar gabas. Ruwa ya kai masa ƙirji. Shuɗin kayan aiki ne a jikinsa, irin wannan naka, har da tabon baƙin mai a kafaɗa. Ya ba gaɓa baya. Yana kira."

"Me yake cewa?"

Dattijon ya kalli ƙasa.

"Muryarka ce. Cewa yake, Tapera, sahwira, miƙo hannunka."

Ban wanke hannu ba na tafi gidan Tapera. Yana kan kujerarsa, ƙafafun cikin safa biyu-biyu duk da zafin. Na tsaya a gabansa na faɗa masa duk abin da dattijon ya ce. Ya saurara bai katse ni ba.

"Saboda haka ka ji ni da kyau," na ce. "Ko a mafarki, ko a farke, in ka ji ina kiranka daga ruwa, ba ni ba ne. Ko ihu nake, ko kuka nake. Kada ka zo. Rantse mini."

Ya daɗe yana kallona. Leɓena bai gama warkewa ba inda ya buge ni, a nan idonsa ya tsaya.

"Kai da ka ƙi sakina?" ya ce. "Ka san zan zo, Garikai."

Ya jawo wata kujera da ƙafa, ya tura mini.

Tun daga ranar nake rufe gareji ƙarfe biyar. In rana ta fara sauka, ina ƙofar gidansa, a inda zai iya ganina da idonsa, ya miƙa hannu ya taɓa ni in ya so. Ba na tashi sai duhu ya gama rufewa.